Ranar Wasa a Ƙofar Mata

Mahaifina tela ne a Yakasai, kuma ban taɓa ganin ƙafarsa ta taɓa ƙwallo ba. Amma duk ranar da Najeriya za ta buga, ko Raccah Rovers, tun da hantsi yake kirana ya ba ni kuɗi in sayo batir huɗu sababbi. Ko na cikin rediyon bai yi sanyi ba, sai an canza. Tsofaffin a zuba su a cocila, sababbin kuma a jera su a kan keken ɗinki, ba mai taɓa su sai an idar da la'asar. Daga nan ya lulluɓe kan keken da ƙyalle, ya fito da rediyon ƙofar shago, ya ɗora a kan kujera 'yar tsugunno, ya ja eriya har ƙarshenta. Wanda ya kawo ɗinki a wannan lokaci ya san sai dai ya nemi wuri a tabarma.

Tun kafin in san mene ne satar gida na san cewa wasa yana da rana, ranar kuma tana da shiri. Wannan shirin nake so in bi sawunsa, domin a iya rayuwata ya canza mazauni sau huɗu ko biyar, kuma kowane mazauni ya zo da nasa ladubban.

Ranar Asabar 22 ga Maris, 1980, ina da shekara tara. Najeriya da Aljeriya ne a Legas, wasan ƙarshe na kofin Afirka, lokacin ana kiran 'yan wasanmu Green Eagles. Sharhin da Turanci yake zuwa, kuma a cikin mutum wajen ashirin da ke ƙofar shagon, ɗaya ne kaɗai ke jin Turanci da irin gudun da masu sharhi kamar Ernest Okonkwo ke yi da shi: wani malamin firamare da ke haya a bayan gidanmu. Shi ake ba wuri dab da rediyo, shi ake fara miƙa wa goro. Idan ihu ya tashi a cikin akwatin, ba wanda ke motsi. Ido ashirin sau biyu yana kan malam. Sai ya ɗaga hannu ya ƙara kasa kunne, sannan ya ce, "Mu ne." To a nan ne tabarma ke tashi. Sau uku ya faɗi haka a ranar, biyu na Segun Odegbami, ɗaya na Muda Lawal. Da Shugaba Shagari ya miƙa kofin, Baba ya aike ni in sayo tsire, abin da ba ya yi sai da salla.

Na daɗe ina tunanin wannan ɗan tsakanin, daga ihun rediyo zuwa bakin malam. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba, amma mutum ashirin ne ke riƙe numfashi tare a cikinsa. Duk abin da na gani daga baya a filin wasa da gidan kallo, wannan ɗan tsakanin ake nema.

Ƙwallo ta girmi rediyon Baba nesa. Ta shigo Kano ne ta hannun Turawa da makarantu da ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso garin a 1911, ta kuma fara yin gida a Sabon Gari da wajen ganuwa. A 1953 wata ƙungiya daga Kano ta je ta ɗauko kofin ƙasa, a zamanin da ƙungiyoyin Legas suke ganin kofin gadonsu ne. Duk da haka dattawan cikin birni sun daɗe suna yi wa tamaula kallon shiririta, wasan 'yan boko da baƙi. Baba ya ce a samartakarsa idan zai tafi kallo a filin Sabon Gari, sai ya ɗaura ƙunshin yadi a bayan keke, don kakanmu ya ɗauka Kantin Kwari ya nufa. Raccah Rovers ce ta karya wannan kunyar. Da suka ci gasar ƙasa a 1978, shekarar da suka kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna Pele yana cikin fili, sai magidanci ya iya cewa ya je kallo ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Talabijin ta zo Arewa tun 1962 ta gidan rediyo da talabijin na Kaduna, aka haɗe tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977, amma a layinmu gida ɗaya ne ke da akwatin har na gama firamare. Na wani Alhaji ne ɗan kasuwa, baƙi da fari, mai ƙyaure biyu da ake ja a rufe. Ranar wasa sai a fito da shi zaure. Doka uku ce: a wanke ƙafa, yara a gaba a zaune, kuma ba mai yi wa Alhaji gardama a kan alƙalin wasa. Wanda ya makara ya tsaya a taga. A wannan zauren na ga yaranmu sun doke Jamus ta Yamma a Sin a 1985, kuma a can ne, bayan an sayi mai kala, na ga Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya riƙe raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya a 1994.

Daren da muka kara da Brazil a 1996 kuwa ba zaure ba ne, titi ne. An fara wasan can wajen sha ɗayan dare a agogonmu, aka fito da akwatin waje aka ɗora kan tebur. Da suka kai uku muna da ɗaya, rabin mutane suka naɗe tabarma. Baba bai tashi ba. Ka'idarsa ce, ba ya barin wasa sai an busa tashi, yana cewa wanda ya raka gawa ba ya juyowa daga rabin hanya. Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na ƙarshe, sannan ya ƙara ta zinare. Waɗanda suka tafi sun dawo da gudu, wasu ba riga, suna tambayar abin da ya faru. Wannan ka'ida ta Baba ita ce gado na farko da na ɗauka, kuma har yau ban taɓa karya ta ba.

A tsakanin nan aka haifi Kano Pillars, a 1990, daga haɗewar ƙungiyoyi uku: WRECA, Golden Stars da Bank of the North. Ina da shekara sha tara, na fara samun kuɗin kaina, kuma filin wasan Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ne daga gidanmu. A nan na gina tawa al'adar, kuma tunda ba wanda zai rubuta ta idan ban rubuta ba, bari in zayyana ta yadda take.

Ranar wasa ba na cin abinci mai nauyi da rana. Gurasa ce bandashe, da ruwa. Ina fita bayan azahar, in bi ta gaban marina, inda allon ƙofa ke cewa tun 1498 ake rini a wurin, in gaisa da marinan da su ma hankalinsu ya riga ya tafi fili. Tun daga nan za ka fara jin ganga. Masu rake sun jera baro, masu gyaɗa da aya da ruwan leda suna kiran ciniki, yara suna riƙe hannun duk babban da suka gani suna cewa, "Yaya, shiga da ni." Na shiga da yaran da ban san sunansu ba sun fi a ƙirga, domin ni ma haka aka shiga da ni filin Sabon Gari. Ina sayen rake gaɓa uku, ba na sha sai an tafi hutun rabin lokaci. La'asar a farkon lokacinta muke yi, sahu a kan kwali da jarida a gindin matakala, saboda ƙarfe huɗu ake take wasa. Sannan in hau inda nake zama, ɓangaren rana, hawa na bakwai, daidai layin tsakiya.

Ba lamba a wurin, ba tikitin da ya ce nawa ne. Amma idan na makara sai in tarar an ajiye mini hula ko takalmi a kai. Na hagu da ni mahauci ne daga Kurmi, na dama direban tanka. Mun yi fiye da shekara ashirin muna zama tare, ban taɓa shiga gidan ɗayansu ba, sai ranar da direban ya rasu muka je ta'aziyya mu shida daga hawa na bakwai. Iyalinsa ba su san mu ba. Muka ce abokan zamansa ne a fili, babban ɗansa ya fashe da kuka, ya ce kullum yana jin labarinmu.

Sai Masu Gida! Wanda bai ji wannan kalma daga bakin dubban mutane lokaci guda ba, yana jin ta ne kawai a matsayin kirari. A fili kuwa magana ce ta gaskiya, domin daga 2003 har zuwa 2015 ba ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a gasar cikin gida, sai da Nasarawa United ta zo ta karya. An ɗauki kofin gasar a 2008, sannan sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Filin ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da sha bakwai a 2009. A gabanmu Ahmed Musa, yana ɗan siririn yaro, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin Turai ta ɗauke shi. A gabanmu Rabi'u Ali, wanda muke kira Pele, ya tsufa yana ajiye bugun tazara inda ya ga dama.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. A cikinmu akwai masu jifa, akwai masu tare ƙofa idan ba a ci ba, akwai masu ganin alƙalin wasa ba shi da ikon fita lafiya sai masu gida sun yi nasara. Na ga baƙon ɗan wasa yana rawar jiki kafin a fara. Wannan abin kunya ne a garin da ke alfahari da karɓar baƙo, kuma yana cikin abin da ya kori magidanta da 'ya'yansu daga fili tun kafin wani abu ya ja su.

Abin da ya ja su kuwa ya zo ne ta kwanon da ake kafawa a kan rufi. Gasar Firimiya ta Ingila ta fara a 1992, DStv ta fito a 1995, amma kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Masu gidajen bidiyo, waɗanda dama suke tara yara da finafinan Indiya da na Sin, su suka gane cewa abin da mutum ɗaya ba zai iya biya ba, mutum ɗari za su iya. Rumfar langa-langa, bencina, talabijin biyu, ƙaramin janareta, baƙin allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli: gidan kallo ya samu. Sai kuma Kanu ya koma Arsenal a 1999. A watan Oktoba na shekarar, Chelsea na gaba da biyu, ya zura uku shi kaɗai, ta ƙarshen daga dab da layin kwana. Ina cikin wata rumfa a Fagge a ranar, na biya naira ashirin. Na shiga ina ɗan kallo, na fito ina ɗan Arsenal, kuma da yawa daga sa'o'ina ranar ce ta kama su. 'Yan Chelsea nasu dalilin Celestine Babayaro ne, daga baya Mikel. Mutumin gida muka bi zuwa can. Da ya tashi, mu muka zauna.

Gidan kallo ya tsara nasa ladubban cikin 'yan shekaru, ba tare da kowa ya zauna ya rubuta ba. Bencin gaba na yara ne da masu raunin gani. Na baya, kusa da ƙofa inda iska take, na manya ne. Magoya bayan ƙungiyoyin biyu ba a raba su, kafaɗa da kafaɗa suke, shi ya sa zolaya ta zama rabin kallon. Idan aka ɗauke wuta, akwai yaro ɗaya da aikinsa kawai ya ruga ya ja janareta, kuma a cikin duhun nan na daƙiƙa talatin za ka ji mutum ɗari suna addu'a kada a ci kafin hoto ya dawo. Mai shayi a ƙofa ya san wanda ke shan nasa kafin wasa da wanda ba ya iya haɗiyar komai sai an tashi. Ni bencina na uku ne, gefen bango, kuma hular da na sa a ranar Kanu ita nake sawa a manyan wasanni har ta koɗe. Na sani sarai hula ba ta cin ƙwallo, Allah ne mai yi. Ina sa ta ne don ta tuna mini da waɗanda muka zauna tare a wancan benci.

Akwai wani ilimi da gidan kallo ya koya wa yaran da ba su taɓa fita Kano ba: cewa Turawa suna canza agogonsu sau biyu a shekara. Wasan ƙarfe uku na Ingila, da damina ƙarfe uku ne a nan, da hunturu kuma ya koma huɗu, ya hau kan la'asar. Na yammacinsu yana cin karo da magariba. Na kofin zakarun Turai kuwa, idan zafi ya shigo, yana zuwa dab da isha'i. Saboda haka kowane gidan kallo na kirki yana da buta da tabarma a gefe, kuma hutun rabin lokaci, minti sha biyar, ya zama lokacin sahu. Na sha ganin ɗan Manchester yana limanci ɗan Liverpool na bayansa, an sallame an koma gardama. Malamai sun yi wa'azi a kan masu bari salla ta wuce saboda wasa, kuma gaskiya suka faɗa. Gidajen da suka daɗe su ne waɗanda masu su suka ji wannan wa'azi.

Mata ba sa shiga, kuma ba a taɓa tambayarsu ba. Amma Inna, Allah ya jiƙanta, tana sanin sakamako daga yadda Baba ke ajiye takalmi a zaure, matata kuma daga sallamata. 'Yata ta biyu ta fi duk yayyenta sanin ƙwallo, a ɗaki ta koya, ita kaɗai, kuma ina jin nauyin cewa ba ta taɓa jin ihun nan na mutum dubu daga cikinsa ba.

Shekarar 2009 ce zuciyata biyu suka tsaya a wuri ɗaya. Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, ƙungiyar su Aboutrika. Aka yi ɗaya da ɗaya a gida, kowa ya ce shi ke nan, a Alƙahira za a gama da mu. Aka je can aka tashi biyu da biyu, muka wuce da ƙwallon waje. A daren na ga 'yan Arsenal da 'yan Chelsea da 'yan Madrid a kan babura suna zagaya gari da tuta kore da rawaya, ba wanda ya tuna da Landan. Heartland ta Owerri ce ta tsayar da mu a wasan kusa da na ƙarshe. Amma daren ya nuna mini cewa Turai aro muka yi, na gida yana nan a ƙasa yana jiran dalili.

Sai tsoro ya shigo. A ranar 17 ga Yuni, 2014, ana kallon Brazil da Meziko a gasar kofin duniya, bam ya tashi a wani wurin kallo a Damaturu, mutane suka mutu. Shekarun nan an koma laluba mutum a ƙofa, an hana ajiye babur kusa da rumfa, uwaye suna riƙe 'ya'yansu a gida. Kwana takwas bayan Damaturu Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu. A falon wani aboki na kalla, mu biyar, ƙofa a kulle. Mun yi ihu, amma ihun mutum biyar bango yake bugawa ya dawo.

Gidajen kallo sun farfaɗo. Abin da ke cin su yanzu a aljihu yake. Waya tana sanar da ci kafin hoton ya iso allo, sai ka ga yaro a bencin gaba ya miƙe yana murna alhali ƙwallo tana tsakiyar fili. Ya sace wa mutum ɗari wancan ɗan tsakanin da malamin firamare yake riƙe mana. Na roƙi mai gidan kallonmu ya sa doka a kife waya, ya ce, "Alhaji, idan na hana, gidan gaba za su koma." Mafi muni ita ce caca. Yaron da ya sa kuɗi ba ya goyon bayan kowa. Kwana yake ƙirgawa, katin gargaɗi yake jira, yana iya murna a ci ƙungiyar da rigarta ke jikinsa. Da shi ba a zolaya, domin abin da ya rasa kuɗin cefanen uwarsa ne.

Filin Ƙofar Mata ma ya sha nasa. Bayan kofin Aiteo da aka ɗauko a Kaduna a 2019, a bugun fenariti da Niger Tornadoes, annobar korona ta zo a 2020 aka mai da filin wurin killace marasa lafiya. Masu gida suka koma baƙunta a Kaduna, a 2022 suka faɗa ƙaramar gasa, a 2023 suka dawo. Da aka buɗe ƙofa na koma hawa na bakwai, fuska biyu kawai na sani.

Rediyon Baba yana nan a wurina, eriyar ta karye an ɗaure da waya. A shekarunsa na ƙarshe, bayan idonsa ya tafi, gidajen rediyon Kano sun riga sun fara kawo wasan Pillars kai tsaye da Hausa, ba ya buƙatar tafinta. Duk da haka ba ya yarda ya saurara shi kaɗai. Sai an kira wani ya zauna, ko jika ne ɗan shekara biyar, idan an ci ya juya ya tambaye shi, "Mu ne?"

Wasan gida da ya wuce na tafi da autana. Ya sa rigar Arsenal mai sunan Saka a ciki, ya ɗora kore da rawaya a sama. Muka bi ta marina, na saya mana rake gaɓa shida. A bakin ƙofa wani yaro da ban sani ba ya kama hannun rigarsa ya ce, "Yaya, shiga da ni." Ya waiwayo ya dube ni, na ƙara masa kuɗin tikiti ɗaya. Muka yi la'asar a kan kwali, muka hau. Mahaucin Kurmi ya riga mu, ya ajiye hularsa a wurina, ya matsa ya buɗa wa yaran biyu. Na karɓi wayar autan na kashe, na sa a aljihuna tare da tawa, alƙali ya duba agogo.